Tsohon Soja da Ciwo: Asibitin Bariki Ko Asibitin Gari?

Duk wanda ya ajiye kaki a Garwa, Marwa ko Ngaundare, a arewacin Kamaru, wannan tambayar tana jiransa, ko a shekarar farko ko a ta biyar. Lokacin da yake bakin aiki bai taɓa yin ta ba. In jiki ya ƙi daɗi ɗakin shan magani na bariki yana nan, in abin ya fi ƙarfinsu a tura shi asibitin soja, in ya wuce nan a ɗauke shi zuwa Yawunde. Wani ne ke yanke masa inda za shi. Ranar da ya yi ritaya hukuncin ya dawo hannunsa, ko ma dai hannun uwargida da manyan 'ya'ya, don su ne ke riƙe da karnen asibiti, wato littafin da likita ke rubuta jinya, su ne ke zirga-zirgar farmasi, su ne kuma ke kwana kan tabarma a baranda idan an ba Baba gado.

Ni shawarata ita ce kada gida ya ɗaure kansa da asibiti ɗaya. A dubi ciwon a ga daga ina ya fito. Wanda aka kwaso a bakin daga, a bar shi a hannun likitocin soja. Wanda shekaru suka kawo, a kai shi inda ya fi kusa da ƙofar gida. Na mata masu ciki da ƙananan yara kuwa gwamnati ta riga ta buɗe masa ƙofa a asibitin gari, kuma kaki ba ya ƙara komai a wannan ƙofar. Amma akwai wuraren da wannan rabon ke rikicewa, kuma a nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi da lafiya.

Abin da ke hannu kafin a zaɓa

Fanshon soja daga baitulmali yake fitowa ta hannun Ma'aikatar Kuɗi. Hukumar fansho ta CNPS ta ma'aikatan kamfanoni ce, ba ta da hurumi a kansa, sai fa in mutum ya kama aikin gadi ko tuƙi a wani kamfani bayan ritaya aka yi masa rajista a can, wannan kuma lissafi ne daban. Fanshon kansa iri biyu ne. Akwai na shekarun aiki, wanda kowa ya sani. Akwai kuma na nakasa, wanda ake ba sojan da aka tabbatar aiki ne ya raunata shi ko ya jawo masa ciwo, kuma yawansa ya danganta da kason nakasar da likitoci suka auna.

Bayan fansho akwai hukumar ONACAM, mai kula da tsofaffin sojoji da waɗanda yaƙi ya shafa, kuma tun Disambar 2011 akwai ƙaramin minista a Ma'aikatar Tsaro wanda aikinsa ke nan. Abin da ake samu ta nan agaji ne: a rubuta, a haɗa takardu, a jira. Yana da amfani, kuma ya kamata kowane tsohon soja sunansa ya kasance a littafinsu, amma ba abin da za a jingina da shi ba ne da ƙarfe biyun dare lokacin da ake neman jini leda biyu. Sai kuma shirin kiwon lafiya na bai-ɗaya, CSU, wanda aka ƙaddamar da zangonsa na farko a watan Afrilun 2023 a Manju, kusa da Bartuwa. Wannan na kowane ɗan ƙasa ne.

Duk da haka, a Kamaru kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Tsohon soja bai tsira daga wannan ba. Don haka ko ina ya je zai biya wani abu. Abin lissafawa shi ne a ina kuɗin zai fi yi masa aiki.

Asibitin bariki

Manyan asibitocin soja na arewa suna Garwa da Marwa. Garwa ce tsohuwar hedikwata. Yankin soja na huɗu mai hedikwata a Marwa an kafa shi ne a 2014, lokacin da yaƙin Boko Haram ya tsallako iyaka. Tun daga wannan shekarar likitocin soja suka ga abin da magabatansu ba su gani ba tun rikicin Bakasi: waɗanda aka kwaso daga Kolofata, Amchide, Fotokol, Ashigashiya, daga baya Darak da Sagme, ga kuma na yankunan masu Turancin Ingilishi tun 2017. Harbin bindiga, ɓaraguzan bam, motar da ta taka nakiya. Likitan da ya kwashe shekaru yana ɗinke irin waɗannan raunuka ya san yadda suke tashi bayan shekara bakwai ko goma. Ya san cewa ƙarfen da aka bari a cinya yana iya zama lafiya lau har mutum ya mutu, ya kuma san lokacin da ya fara jawo ruwa a ƙashi. Likitan asibitin gunduma, wanda yawancin aikinsa haihuwa ce da zazzaɓi da haɗarin mashin, yana iya ganin ƙarfen a hoto ya ce a cire, alhali barinsa ya fi.

Wannan dalili ɗaya ke nan. Na biyun ya fi shi nauyi, kuma shi ne mutanenmu suka fi sakaci da shi: takarda.

A ƙa'ida, raunin da aka tabbatar aiki ne ya jawo shi yana wuyan gwamnati. Amma tabon da ke jikin mutum ba ya isa shaida. Shaida ita ce rahoton da kwamandansa ya rubuta na yadda abin ya faru, da ranar da wurin. Da abin da aka shigar a littafin lafiyarsa na soja. Da takardar kwanciya da ta sallama. Da hotunan ƙashi. Waɗannan ake kaiwa gaban kwamitin likitocin soja da ke auna nakasa, su yanke kaso, a kan kason kuma a lissafa kuɗi. Idan raunin ya tsananta daga baya ana iya neman a sake aunawa, kuma nan ma abin da za a tambaya shi ne tarihin jinyar. To, a ce tsohon saje ne da aka harba a gwiwa a 2015, ya yi ritaya, ya koma garinsu. Gwiwar ta dinga tashi, yau ya je wannan ɗakin shan magani, gobe ya je wurin mai ɗori, jibi ya sayi ƙwaya a kasuwa. Bayan shekara shida ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Ya zo neman ƙarin kaso da hannu biyu ba komai. Wa zai iya tabbatar da cewa harbin ne, ba faɗuwa daga mashin ba? Wanda kuwa ya dinga komawa asibitin soja ko sau biyu a shekara, kowane zuwa an rubuta an buga hatimi, dosiyensa, wato tarin takardunsa, shi ne zai yi masa magana.

Akwai kuma raunukan da ba a gani, waɗanda sojoji kan raina: kunnen da ya daina ji sosai saboda ƙarar manyan bindigogi, bayan da ya lalace da ɗaukar kaya da zama a bayan mota kan hanyar Waza, idon da ya raunana bayan fashewar bam. Saurayi ɗan shekara talatin ba ya kai ƙarar kunne. Yana da hamsin da biyar sai ya tarar ba ya jin liman daga sahu na uku. In ba a rubuta tun yana cikin kaki ba, za a ce tsufa ne, kuma da wuya ya musa.

Wani alherin asibitin bariki shi ne mutum yana shiga a san ko shi wanene. Zai tarar da wanda suka shiga soja shekara ɗaya, ko yaron da ya taɓa yi masa horo yanzu ya zama babban ma'aikacin jinya. Ba ƙaramin abu ba ne ga dattijon da ya saba ana sara masa, yau kuma yana bin layi da kati a hannu.

To amma wannan sanayyar tana da gefe na biyu. Likitan soja hafsa ne. Tsohon kofur da ya kwashe shekara ashirin da biyar yana amsa umarni ba ya iya cewa kanar, "Ranka ya daɗe, ban gane ba, a maimaita mini." Zai ƙame, ya karɓi takardar magani, ya fito bai san sau nawa zai sha ba, bai kuma faɗi cewa maganin wancan watan yana sa shi jiri ba. Shi ya sa nake ganin ko Baba ya ƙi, a haɗa shi da ɗa ko 'ya mai jin Faransanci wanda ba ruwansa da galan, wato alamar muƙamin soja. Ban da wannan, asibitin soja an gina shi ne don masu bakin aiki. Ranar da aka kai hari aka kawo masu rauni, kowa zai jira, kuma haka ya dace. Likitocin ma ana yi musu canjin wurin aiki kamar kowane soja, wanda ya san gwiwarka bana yana iya kasancewa a Bangi ta Afirka ta Tsakiya baɗi.

Batun kuɗi kuwa, kada kowa ya fito daga gida da zaton komai kyauta ne don ya taɓa sa kaki. Waɗannan asibitocin suna karɓar farar hula ma, su biya. Matsayin mai bakin aiki daban, na mai fanshon shekaru daban, na mai fanshon nakasa daban, na matarsa da 'ya'yansa kuma daban. A tafi da katin ritaya da takardar fansho, a tambaya a wurin karɓar kuɗi ko ofishin jin daɗin jama'a tun kafin a fara gwaje-gwaje. Kuma maganin da babu shi a farmasin asibiti, ko janar ne a waje zai saya.

Asibitin gari da katin CSU

Ƙarfin asibitin gari shi ne yana ko'ina. Akwai ƙananan cibiyoyin lafiya a ƙauyuka da unguwanni, sama da su asibitin gunduma, sama da shi asibitin jiha. Garwa ma yanzu ban da tsohon asibitin jiha tana da sabuwar cibiyar asibiti ta jiha da kuma Babban Asibiti, ga tsangayar koyon likitanci. Ciwon da a da sai an hau jirgin ƙasa daga Ngaundare an kwana a hanya kafin a ga ƙwararrensa a Yawunde, wasunsu yanzu ana ganin su a bakin Binuwai. Wajen ƙwararrun zuciya, ƙoda, mafitsara da manyan na'urorin hoto, ɓangaren farar hula ya fi faɗi.

Sai dai a fahimci CSU da kyau, don sunansa ya fi abin da ke cikinsa girma. Zangon farko ya ƙunshi ganin likita kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 da maganin zazzaɓin cizon sauro gare su. Da maganin tarin fuka da na cuta mai karya garkuwar jiki. Da wankin ƙoda. Da kuma kula da mai ciki. Mai ciki tana biyan sefa 6,000, jaka shida ke nan, a yi mata awo, hoton ciki, haihuwa ko da tiyata ce, da kula da ita da jaririn har kwana 42. Wannan tsarin mu a arewa mun riga sauran ƙasa saninsa, don tun wajen 2015 ake sayar da takardar jaka shidan a jihohin Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa.

Ku duba jerin nan da kyau. Babu hawan jini a ciki. Babu ciwon suga, babu matsalar fitsarin dattawa, babu yanar ido, babu ciwon gaɓoɓi. Wato cututtukan da suka fi kama namiji ɗan shekara sittin duk suna waje. Ga tsohon sojan kansa, katin ba zai rage masa kuɗin wata-wata ba sai in ƙoda ce, tarin fuka ko cuta mai karya garkuwar jiki. Ga gidansa kuwa babban abu ne. Sojoji da yawa suna ritaya da sauran ƙarfinsu, akwai amarya, akwai na goye, ga jikokin da aka kawo riƙo. Na sha ganin gidan da ake ɗaukar mace mai naƙuda a wuce asibitin da ke karɓar takardar jaka shida, a nufi wani wuri don kawai "mu iyalin soja ne", a dawo da bashin tiyata. Wannan girman kai ne mai tsada. Rajistar ba a biyan ko dala, a yi wa kowa a gidan.

Hawan jini da suga: nan nisa ke yanke hukunci

Waɗannan biyun su ne ke kwantar da tsofaffin sojoji fiye da tsohon harbi, kuma a kansu ne na fi tsayawa kan ra'ayina. Ba ciwon da ake warkewa a manta ba ne. Magani ne na kullum, da awo na wata-wata, har ƙarshen rai. Wanda ya fi iya riƙe irin wannan jinyar shi ne asibitin da mutum zai iya zuwa ko ranar da ba shi da kuɗin mota.

A yi lissafi. Mai zama a Mokolo yana da kimanin kilomita 80 zuwa Marwa. Na Gidar yana da wajen 100 zuwa Garwa. Na Kusiri sai ya yi fiye da 250 ta Dabanga da Waza, kan hanyar da duk wanda ya bi ta da damina ya san halinta. Na Tibati, Banyo ko Tuboro kuwa ba a magana. Kuɗin mota zuwa da dawowa na mutum biyu, da abinci, da kwana in layi ya yi tsawo, sau goma sha biyu a shekara. Sau da yawa wannan ya ninka kuɗin maganin kansa. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne a je wata na farko da na biyu, na uku fansho ya yi jinkiri, na huɗu a ce ai jiki ya yi sauƙi. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Sai wata asuba a tarar ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, daga nan kuma jinya ce ta shekaru da gashin ƙashi da ɗaukar mutum zuwa bayi.

Magungunan da ake fara ba masu waɗannan cututtuka, irin su amlodipine da metformin, ba sirrin soja ba ne. Suna cikin jerin magungunan da ake kawowa farmasin asibitocin gwamnati, marasa sunan kamfani, masu sauƙin kuɗi. Ku roƙi likita ya rubuta irinsu. Wanda ke Garwa ko Marwa, gidansa kusa da bariki, kuma ya saba da likitansa a can, ba dalilin ya canza. Wanda ke nesa, ya je babban gari sau ɗaya ko biyu a shekara a duba ƙoda da ido da zuciya, sauran watannin ya riƙe asibitin gundumarsu. Na'urar awon jini ta hannu a gida ta fi tafiya uku zuwa birni amfani, in dai akwai yaron da zai dinga rubuta lambobin da kwanan wata.

Haɗarin raba jinya gida biyu shi ne likitoci biyu su rubuta magani ɗaya da suna biyu, Baba ya haɗa ya sha duka, jini ya faɗi ko suga ya sauka ya sume. Maganin wannan karne ɗaya ne da ake kaiwa ko'ina, da leda ɗaya da ake zuba duk kwalayen a ciki a ajiye gaban likita. Mai allurar insulin ya tuna da zafin watan Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40 kuma wuta ke ɗaukewa: in ba firji, a sa kwalbar cikin leda a ajiye a jiƙaƙƙen yashi kusa da randa. Kafin azumi kuma a je a tambaya yadda za a sauya lokutan shan magani, kada a yanke wa kai.

In ƙoda ta gaza, zaɓin ya ƙare. Wankin ƙoda a cibiyoyin gwamnati ake yi, a arewa kuma Garwa, Marwa da Ngaundare ne. Kafin 2023 ana biyan sefa 5,000 kowane zama, zama biyu a mako, ya kama 520,000 a shekara. Da CSU ya koma 15,000 a shekara. Wannan saukin gaske ne, ban ga abin kushewa a cikinsa ba. Amma bai haɗa da haya da abinci da kuɗin mashin ba, kuma mai wankin ƙoda ba ya zama nesa da na'ura. Duk tsohon sojan da ke da suga da hawan jini tare, kuma gwaji ya fara nuna ƙodarsa tana rauni, ya yi tunani sau biyu kafin ya zuba kuɗin sallamarsa a ginin gida a ƙauye.

Asibitocin mishan da tsallaka iyaka

Akwai hanya ta uku da mutanen arewa suka daɗe da sani: asibitin Furotesta na Ngaundare da ake kira na Norwe, na Meskin a bakin Marwa, na Tokombere, na Pette. Ana biya, katin soja ba ya aiki a can, amma mutane na yaba tsari da kulawarsu, kuma ga tiyatar da aka shirya mata, kamar ƙaba, suna cikin lissafi. Aikin yanar ido an san Lagdo da shi. Masu buƙatar ƙafar roba ko takalmin gyara sun san cibiyar Baitalami da ke Muda. Amma wanda aka yanke wa ƙafa saboda nakiya ya fara bi ta hannun soja, don ƙafar roba ba a yin ta sau ɗaya, dungulmin yana canzawa, ita ma tana lalacewa, bayan 'yan shekaru sai an sake. Gara nauyin ya zauna inda doka ta ajiye shi.

Tsallakawa Yola ko Mubi, ko na Kusiri su haye gadar Ngeli zuwa Njamena, abu ne da muka saba, ga 'yan uwa ga harshe. Don neman lafiya ba laifi. Don dosiye kuwa, a dawo da sakamakon a kai wa likitan soja ya duba ya shigar da shi da hannunsa.

Ciwon dare

Nan ne rabon da na yi a farko ba ya zama daidai. Akwai mutanen da suka dawo daga bakin daga jiki lafiya, amma ba sa barci. Ƙarar tayar mota ta fashe su kwanta ƙasa. Faɗa da iyali kan abin da bai kai ya kawo ba, zama shi kaɗai, firgita da tsakar dare. A gida za a ce iska ce ko sammu, a yi rubutu a yi hayaƙi. Addu'a ba ta hana magani, kuma wannan ciwo ne da likitoci suka sani, yana da magani.

A ƙa'idata wannan ciwon aiki ne, ya kamata ya tafi bariki, kuma don takarda lallai a rubuta shi a can. Amma na san akwai wanda ba zai taɓa buɗe baki ya ce yana jin tsoro a gaban mai kaki ba, ko da likita ne, balle a harabar da yaransa na da ke kai da kawowa. Irin wannan gara a kai shi wurin ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin jiha, inda ba wanda ya san galansa. Akwai kuma wanda akasin haka ne, ba zai yi magana da wanda bai taɓa jin ƙarar harsashi ba. Iyali su suka san nasu. Abin da ba shi da kyau shi ne hanya ta uku da da yawa ke bi, wato tiramol na teburin kasuwa. Ana fara shi ne don ciwon baya ko na gwiwa, a ga yana kuma kwantar da zuciya, a ƙara, har ya kai ga farfaɗiya da cinye rabin fansho. In kun ga fankon ƙwayar a aljihun rigar Baba, ku faɗa wa likita ko da shi zai yi fushi.

Takardun da ba na asibiti ba

Abu biyu ne ke biyo bayan wannan zaɓin, kuma duka biyun a ɓangaren farar hula suke. Na farko katin nakasa na ƙasa da Ma'aikatar Jin Daɗin Jama'a ke bayarwa bisa dokar masu nakasa ta 2010, ga wanda nakasarsa ta kai kashi 50. Daban yake da kason soja, samun ɗaya ba ya kawo ɗayan, kuma yana iya taimakawa wajen kuɗin makarantar yara a makarantun gwamnati in gidan mai ƙaramin ƙarfi ne.

Na biyu ya fi zafi. Idan tsohon soja ya rasu, matansa da ƙananan 'ya'yansa suna da rabo a fanshonsa. Amma baitulmali ba ta san goro da alawar ɗaurin aure ba, takardar aure ta magajin gari ta sani, da takardun haihuwar yara, da hukuncin gado na kotu. A gidajenmu sau da yawa uwargida ce kaɗai ke da takarda, don ita aka aura lokacin shiga soja, ta biyu da ta uku a masallaci aka tsaya. Wani ma a takardar farko an rubuta auren mace ɗaya bai lura ba. Matar da ta yi shekara goma tana jinyar mutum tana iya tashi ba ta da ko sisi saboda wannan. Gyara shi yana raye ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Wanda ya rage masa shekara ɗaya ya ajiye kaki, yanzu ne lokacinsa. Ya je a duba shi daga kai har ƙafa, kunne da ido da baya, duk abin da ke damunsa a rubuta, ya nemi kwafin rahoton duk wani rauni da ya taɓa samu tun kwamandan da ya san zancen yana kusa. Wanda ya riga ya fita ba tare da waɗannan ba, ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba, amma aiki ne: sai ya koma rundunar da ya yi aiki a nemo abin da ke ajiye, ya bi asibitin da aka fara kwantar da shi, ya nemi ofishin tsofaffin sojoji na jiharsu su nuna masa matakan. Dosiyen da ya tafi Yawunde kuma yana son bibiya, zuwa da kai ya fi aike. Masu cewa a ba su wani abu su tura takarda suna da yawa a bakin kowace ma'aikata. Ko wa za a ba, kada a saki takarda ta asali. A yi kwafi, a manna tambur na sefa 1,500, a kai hukuma ta buga hatimin shaida, a karɓi rasit mai lamba da kwanan wata a duk inda aka ajiye dosiye, ta asalin kuma ta zauna a gida cikin akwatin ƙarfe inda gara da ruwan damina ba za su kai gare ta ba.